Neman asalin kakan matata a takardun zamanin Turawa na Fiji, don Allah wa ya san hanya?

Baban_Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata tambaya da na san za ta zo wa wasu banbaraƙwai, amma an ce matambayi ba ya ɓata, bari in jefa ko Allah zai sa a dace. Ni Bazazzagi ne, karatu ya kawo ni Okland ta ƙasar Niyu Zilan, daga karatu sai aiki, daga aiki sai aure, kun ji yadda zama ya kama ni. Maiɗakina Musulma ce 'yar asalin Fiji, cikin jikokin Indiyawan nan da Turawan Ingila suka kwaso zuwa noman rake, iyayenta sun baro can ne bayan juyin mulkin 1987 kamar dubban 'yan'uwansu.

Abin da ya tayar da maganar, 'yarmu ta fari ce aka ba su aikin gida a makaranta wai kowa ya zano jerin kakanninsa. Ɓangarena ko gumi ban yi ba, waya ɗaya na buga wa gwaggona a gida ta jero min har kaka na biyar, da unguwar da kowa ya zauna da sana'arsa da wadda ya aura da wadda ya saka, sai da kuɗin wayata suka ƙare. Amma ɓangaren uwar yarinyar muna isa kan kakan babanta sai hanya ta toshe. Abin da suka sani kawai sunansa guda ɗaya tal, babu sunan uba, wai ya shigo jirgi daga Kalkata yana saurayi, ya yi aikin rake a wajen Labasa, can ya rasu can aka binne shi. Surukina wanda zai iya sanin wani abu Allah ya yi masa rasuwa shekara huɗu ke nan. Yarinya ta tambaye ni wai Abba to shi daga wane gari yake a Indiya, wallahi na ga idon uwarta ya kawo ruwa, abin ya tsaya min a rai.

To tambayata, shin Turawan sun ajiye takardun mutanen nan kuwa? In sun ajiye suna ina, kuma dole sai mutum ya taka ƙafa ya je Fiji ko ana iya samu daga nan? Sannan da suna ɗaya kacal ana iya gano mutum? Na gode.

Almajirin_Tarihi:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Kwantar da hankalinka, ka faɗo kan ɗaya daga cikin jama'ar da aka fi rubuta bayaninsu a duk mulkin mallakar Ingila, ba don Bature yana ƙaunarsu ba, sai don kowane lebura kuɗi aka kashe aka kawo shi, kuma ɗan kasuwa ba ya wasa da lissafin kayansa. Na ɗan taɓa bincike kan ƙwadago a zamanin Turawa lokacin da nake digiri na biyu, bari in faɗa maka abin da na sani, ka yi haƙuri zan yi tsawo.

Fiji ta shiga hannun Ingila ranar 10 ga Oktoba 1874. Gwamna Arthur Gordon ya hana a riƙa kwasar 'yan ƙasa zuwa gonakin Turawa, ya bar su ƙarƙashin sarakunansu, to masu gonaki kuma suna kukan ba ma'aikata, sai ya kawo tsarin da ya riga ya sani a Tirinidad da Morishiyas inda ya yi gwamna kafin nan, wato ɗauko lebura daga Indiya a kan yarjejeniyar shekara biyar. Jirgin farko Leonidas ya iso a watan Mayu 1879, na ƙarshe Sutlej a Nuwamba 1916, a tsakani jirage 42 sun yi sawu 87 sun sauke mutum dubu sittin da ɗoriya. Wajen dubu 45 ta Kalkata suka taso, sauran wajen dubu 15 ta Madras daga 1903. Mutanen ba su iya faɗin kalmar Turancin yarjejeniya ba sai suka mayar da ita girmit, kamar dai yadda mu muka yi da su asibiti da bariki, su kuma ake ce musu girmitiya. Ka riƙe kalmar nan don da ita za ka yi ta bincike. Ladan namiji sule ɗaya a yini, mace nai, wato kwabo tara, in ka cika aikin da aka yanka maka ke nan, in ba ka cika ba a zabge. Bayan shekara biyar ka 'yantu amma in za ka koma gida kai za ka biya jirgi, sai ka cika goma a ƙasar sannan a mayar da kai kyauta. An soke duk sauran yarjejeniyoyin ranar 1 ga Janairu 1920.

Yanzu takardar da kake nema sunanta Emigration Pass, takardar izinin fita ce da aka cike wa kowane mutum ɗaya a sansanin tara lebura kafin ya hau jirgi. A jikinta akwai sunansa, sunan ubansa, shekarunsa, jinsinsa na asali irin rabe-raben Indiya, gundumarsa, caji ofis ɗin da ƙauyensu yake ƙarƙashinsa wanda suke kira thana, sunan ƙauyen kansa, ɗan'uwa na kusa da ya bari, tsayinsa, har tabon da ke jikinsa, da sunan jirgi da lamba. Ka ga amsar tambayar Hanifa tana kan takarda ɗaya. Na asalin suna gidan adana takardun tarihi na ƙasar Fiji da ke Suva, kuma a 2011 UNESCO ta sa su cikin kundinta na takardun tarihin duniya tare da na Guyana da Suriname da Tirinidad. Abin daɗin, babban ɗakin karatu na ƙasar Ostireliya da ke Kanbera yana da kwafinsu, sun ɗora hotunan a intanet, kana falonka za ka iya buɗewa. Marigayi Farfesa Brij Lal, wanda shi ma ɗan wajen Labasa ɗin ne kuma jikan girmitiya, ya bi irin waɗannan takardu guda 45,439 na 'yan arewacin Indiya ya fitar da littafi a kansu a 1983.

Amma ga inda gizo ke saƙar. An jera takardun ne bisa shekara da jirgi da lamba, ba bisa harafin suna ba, kuma hotuna ne na rubutun hannu. In ba ka san jirgi ko shekara ba, allura ce cikin ruwa. Akwai wasu kundaye da ke taimakawa, babbar rajistar duk wanda ya sauka, rajistar gonaki wadda ke nuna inda aka tura kowa, rajistar mace-mace, da ta waɗanda aka mayar gida, duk lambar mutum ɗaya ce ke haɗa su. Tunda kun ce Labasa, injin rake na kamfanin sukarin nan CSR a can ya fara aiki ne a 1894, to akwai yiwuwar zuwansa daga wajejen nan ne zuwa gaba, ka ga an ɗan rage maka fili. Takardun shi kamfanin kuma suna jami'ar ƙasa ta Ostireliya, ANU, a Kanbera, sai dai su galibi lissafi ne da wasiƙun manajoji, kar ka fara da su. Haka na Landan, jerin da ake kira CO 83 a gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke unguwar Kew, wasiƙun gwamna ne da ofishin mulkin mallaka, suna da daɗin karatu in kana son sanin yadda aka yi rayuwar amma da wuya ka ga sunan lebura sai in fitina ta haɗa shi da kotu.

Maman_Iman:

Malam Almajirin Tarihi ya gama magana, Allah ya ƙara basira, amma ni ta wani gefe zan zo. Baban Hanifa kar ka taɓa kwamfuta tukuna, ka nemi tsofaffin matan gidan. Mu nan Sidni maƙwabtanmu na jiki da jiki 'yan Fiji ne, tare muke zuwa masallaci, kuma na zauna da matar gidan lokacin da take irin wannan neman na kakarta, wata uku tana ɓata idonta a kan takardu ba ta samu komai ba, rana ɗaya wata tsohuwa a wajen taron biki ta ambaci sunan jirgin cikin hira kamar wasa, shi ke nan magana ta ƙare cikin sati. Ashe su mutanen da suka zo jirgi ɗaya sun ɗauki juna 'yan'uwa, jahaji bhai suke cewa, wato ɗan'uwan jirgi, zumunci ne sosai wanda ya kai har ga 'ya'ya da jikoki, tunda kowa ya baro danginsa a baya ba shi da kowa sai wanda suka sha wahalar teku tare. Don haka ko gidanku sun manta jirgin, ka tambaya wane gida ne ake cewa jahajinku ne, wataƙila su ba su manta ba.

Sai maganar suna, wannan kai Bahaushe ba za ta ba ka wuya ba don irin tamu ce sak. Ba su da sunan iyali mai ɗorewa a da, mutum sunansa sai na ubansa, ɗansa kuma ya ɗauki sunan shi wannan ɗin, kowane ƙarni sunan ƙarshe ya canza. A tsofaffin takardun Fiji za ka ga an rubuta sunan mutum sai f/n sai wani suna, to wannan na biyun sunan uba ne. Abin da za ka yi ka fara daga takardar haihuwar surukinka ka koma baya, tasa za ta ba ka ubansa, takardar haihuwa ko aure ko mutuwar uban kuma ita za ta kai ka ga kakan da sunan nasa uban, ana neman su a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa da aure na Fiji. Sai dai ka shirya, aure da yawa na lokacin liman ne ya ɗaura ba a kai wa gwamnati ba, ita kuma gwamnati a wajenta wanda ba a yi rajista ba ba aure ba ne, don haka in ka ga babu takardar aure ko ka ga an rubuta yaro da sunan uwa kar ranka ya ɓaci ka ɗauka wani abu ne.

Kuma akawun da ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji ya rubuta, Rahim zai iya komawa Raheem ko Rohim, Muhammad kam ba a magana, ka gwada duk yadda za a iya karkata shi. Garuruwan ma haka, rubutun Fiji yana da nasa hali, Labasa ana faɗinta Lambasa ne, Nadi kuma Nandi, kuma a tsofaffin takardun Turawa sau da yawa yadda ake faɗin aka rubuta, ka nemi duka biyun.

dan_tasha_kn:

hhhh ikon Allah, wato bahaushe har a fiji ya samo surukai, gaskiya mun gagara. ni dai malam tambayata meye amfanin wannan wahalar, mutum ya rasu shekara kusan dari kayi masa addua kawai mana, in kun gano kauyen zakuje ku karbi gado ne? ba fada nake ba wlh tambaya ce

Baban_Hanifa:

Ɗan Tasha ba gado muke nema ba, addu'ar ma ai ta fi daɗi in ka san sunan uban wanda kake yi wa. Kai yau in aka ce maka daga ina kakanka yake ko ba takarda zanen fuskarsa ma ya isa ya faɗa, su kuwa an yanke musu igiyar ne gaba ɗaya. Maman Iman na gode ƙwarai, akwai ƙanwar kakar maiɗakina tana nan da rai a Fiji, ban taɓa kawo ta a raina ba don ba ta ɓangaren uban ba ce, amma unguwa ɗaya suka tashi.

Tsohon_Soja:

Salamu alaikum. Yaro ka tuna min da baya. Mun yi aikin kiyaye zaman lafiya a kudancin Lebanon farkon shekarun 1980, bataliyar Fiji na kusa da mu, ƙarti majiya ƙarfi masu fara'a, da dare su zauna su dama wani garin saiwa da suke kira yaqona, ana faɗinsa yanggona, a ƙoƙon kwakwa ana zagayawa ana tafi, na kurɓa sau ɗaya leɓena ya mutu ban sake ba. Su waɗanda na sani 'yan ƙasa ne na asali ba Indiyawa ba, kuma abin da nake so in ƙara ke nan saboda wani mai karatu da zai zo nan gaba, kar ya ɗauka hanyar ɗaya ce. Ɗan ƙasa ba shi da takardar jirgi tunda ba kawo shi aka yi ba. Nasu littafin sunansa Vola ni Kawa Bula, rajista ce ta masu ƙasa, tushenta hukumar filaye da Turawa suka kafa tun 1880 wadda ta riƙa bin lardi-lardi tana zama da dattawa tana rubuta wane gida ne ya fito daga wane, kowa da babbar zuri'arsa yavusa, a ƙarƙashinta mataqali, a ƙarƙashin wannan kuma gida-gida. Har yau shiga littafin nan shi ne shaidar kana da haƙƙi a filin danginku, galibi ta wajen uba ake bi, shi ya sa ba a buɗe shi ga kowa haka nan kawai, wani abokina sajan ya ce min a wajensu fita daga littafin kamar a ce ba a haife ka ba ne. In kuma ana neman wanda ya gabaci wannan sai littattafan coci, don 'yan mishan na Methodist sun shigo tun 1835 suna rubuta baftisma da aure. Sai dai cutar ƙyanda ta 1875 ta kashe wajen mutum dubu arba'in a 'yan watanni, gidaje da yawa a nan labarinsu ya yanke. Allah ya ba ka sa'a, ka gaida iyali.

Almajirin_Tarihi:

Ranka ya daɗe Baba Soja, wannan ƙari ne mai kyau, kuma akwai ma kashi na uku, mutanen tsibiran Solomon da Vanuatu da aka kwaso tun kafin Indiyawa, wasu da yaudara wasu da ƙarfi, jikokinsu na nan a Fiji. Af, Ɗan Tasha, kana mamakin Bahaushe a Fiji, to gwamna Arthur Richards mai tsarin mulkin 1946 da aka karantar da mu a sakandare sai da ya yi gwamnan Fiji daga 1936 zuwa 1938 kafin Jamaika kafin Najeriya, Turawan nan zagayawa kawai suke yi da mu.

Baban Hanifa abu ɗaya na manta, ranar da ka samu takardar kar ka ɗauke ta kamar saukakken littafi. Masu farautar lebura a ƙauyuka, arkati ake ce musu, a kan kowane kai ake biyansu, to sukan koya wa mutum abin da zai faɗa a gaban jami'i. Yaro ɗan 15 ya zama ɗan 20, mai karatu ya ce shi manomi ne don an fi son masu taurin hannu, wanda ya gudo daga gida saboda bashi ko rigima ya ba da sunan wani ƙauye, mata kam da yawa sun ɓoye asalinsu da gangan, kuma doka ta ce kowane maza 100 sai an haɗa da mata 40 don haka in jirgi ya kusa tashi ba a cika tsananta tambaya ba. Musulmi wajen ɗaya cikin bakwai ne na waɗanda suka taso ta Kalkata, a gurbin jinsi za ka ga an sa Musalman ko Sheikh ko Pathan ko Julaha wato masaƙi, wannan zai taimake ka wajen tsallake shafuka da sauri.

Sannan taswirar ta canza. Mafi yawan 'yan Kalkata daga gabashin jihar da yanzu ake kira Uttar Pradesh suke da Bihar, gundumomi irin su Basti da Gonda da Faizabad da Gorakhpur, Basti ce ma kan gaba. To an tsattsaga su, Siddharthnagar ta fita daga Basti a 1988, Balrampur ta fita daga Gonda a 1997, gundumar Faizabad kuma tun 2018 Ayodhya ake kiranta. Ƙauyuka masu suna iri ɗaya kuwa sun fi a ƙirga, kamar ka ce Sabon Gari ko Unguwar Rimi a wajenmu, shi ya sa sunan caji ofis ɗin nan ya fi komai amfani, shi zai ware maka wanne ne a ciki. Kuma in Allah ya sa kun je, ku tuna rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tashi gidajen Musulmi da dama, ana iya samun ƙauyen a rasa dangin.

Baban_Hanifa:

Jama'a na dawo da labari, ku yi haƙuri kwana biyu shiru. Mun kira tsohuwar ta WhatsApp ran Asabar, jikanta ya riƙe mata wayar, kunnenta ya yi nauyi sai an ɗaga murya, ni kuma Hindin Fiji ɗin nawa bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba don haka maiɗakina ce ke tambaya ni ina gefe da biro kamar ɗan jarida. Da farko ta ce ba ta san komai ba, sai da aka yi ta hirar wasu abubuwa, aka ambaci kalmar jahaji ɗin nan ta Maman Iman, kawai sai ta gyara zama. Ta ce ai ta san tsohon da idonta tana yarinya, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, ba ya son a yi masa maganar girmit, in an matsa sai ya tashi ya bar wajen, amma duk sallah akwai wani tsoho Bahinde, wato mai addinin Hindu, da ke zuwa gaishe shi su rungume juna suna kuka, jirginsu ɗaya, kuma ta ce sunan jirgin Satlaj. Na san Sutlej take nufi. Ta kuma ba mu sunan gidan shi Bahinden, wai jikokinsa wasu suna Lautoka wasu Kanada.

Na yi murna na buɗe kwamfuta cikin dare, sai na tarar Sutlej ɗin ba sau ɗaya ya zo ba, sawu da yawa ya yi a shekaru daban-daban, kowane sawu ɗaruruwan mutane. Na fara da guda, na yi shafi wajen ɗari biyu idona ya fara yaji, mai irin sunan har uku na gani, ɗaya shekarunsa sun yi yawa, biyu kuma babu maganar tabo a hannu, amma maiɗakina ta ce ai ƙunar wataƙila a injin rake ya same ta bayan ya zo, wanda gaskiya ne ban yi tunaninsa ba. Mun tura neman takardar mutuwarsa ko za a dace da sunan uban, ɗan'uwanta da ke Suva zai karɓo. Malam Almajirin Tarihi, rajistar gonakin nan da ka ce tana nuna inda aka tura kowa, ita ma tana intanet ne ko sai na sa shi ɗan'uwan nata ya shiga gidan adana takardun ya duba mana lambobin mutum ukun nan, a ga wanne aka kai Labasa?